Basarke a Garin da Babu Gulbi

A unguwarmu ta Makka, can gefen da yanzu ake kira Mansur, kowa ɗan wani ne a gida. Ina maganar shekarun da suka biyo bayan yaƙin Turawa na biyu, lokacin da gidajenmu na garwar kananzir ne da aka farke aka daddale aka kafa a jikin itace, rana ta buga su har ba a iya jingina. In an yi la'asar aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, sai ka ji mai ɗaukar ruwa yana cewa kakansa alƙali ne a Zazzau, mai wanki ya ce shi gidan sarauta ya baro a Damagaram. Ba wanda ke ƙaryata wani. Tsakaninmu da gida tafiyar shekaru ce a ƙasa, babu mai komawa ya tambayo.

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai taɓa cewa shi ɗan sarki ba ne. Cewa yake shi Basarke ne, jinin masunta, daga ƙasar Kabi, a kwalekwale ya buɗe ido, kuma kafin gemu ya fito masa ya ja giwan ruwa wanda sai da mutum biyu suka ɗauka. A Makka kuwa maƙerin garwa ne. Yana da rumfa ƙarama inda yake yanka tsofaffin garewani ya yi fitila da mazurari da buta da gwangwanin awo. Matarsa ta rasu a hanya, a ƙasar Sudan, bai sake aure ba, bai kuma haihu ba. Duk abin da ya taso da shi daga gida ya ƙare a hanya, in ban da wannan magana ta cewa shi ɗan ruwa ne.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa a kanta shi ne maƙwabcinmu, wani mahauci Bakano, ƙato mai faɗin ƙirji da murya. Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun a gida, su biyun kuma suka ɗauko shi suka kawo har Makka. Mahaucin ba ya wuce rumfar kawu bai tsaya ba. Sai ya ce Sarkin Ruwa, yau me aka kamo a cikin butar? Kawu ya ce an kamo ƙudan da suka biyo Sarkin Fawa. Ko shekarar da ambaliya ta gangaro kwarin unguwarmu kawu ya faɗa ruwa ya fiddo akuyar wata tsohuwa, mahaucin cewa ya yi ai kare ma yana iyo.

Ni a lokacin na haura ashirin, ina karatu wurin wani malami a Harami, ban iya shiga taro ba, in an yi mini tambaya a gaban mutane sai kunnena ya yi zafi. A Makka aka haife ni, Larabcina ya fi na kawu nesa, don haka duk inda zai yi magana mai tsawo da Balarabe sai ya ja ni. Ta haka na ga yawancin abin da zan faɗa. Inda ban gani da idona ba zan ce ban gani ba.

Allah ya buɗa wa mahaucin ta yankan Mina, har ya sayi babbar mota. Da ya fara zuwa Jidda sai ya ga attajiran can suna da jiragen ruwa na shaƙatawa, in aikin Hajji ya wuce gari ya yi shiru sai su fita ranar Alhamis su kama kifi su gasa a bakin teku. Abin ya shiga ransa. Wata rana a kan tabarma, gaban dattawan unguwa, ya ce shi ma zai sayi jirgi, kuma ba mai zaɓa masa sai Sarkin Ruwa.

Da wasa ya faɗa, amma ba wanda ya yi dariya. Kowa ya gane abin da ya faru. A cikin dukan mutanen da ke zaune, jikan alƙali da ɗan gidan sarauta da sauransu, kawu kaɗai ne maganarsa ta zama wadda za a iya gwadawa, kuma tafiyar yini ɗaya ce a mota. Ya ɗaga kai daga fitilar da yake liƙewa ya ce to, Allah ya kai mu.

Muka sauka a wani ƙauyen masunta kudu da Jidda da hantsi. Ranar na fara ganin teku. Shi kawu ya taɓa ƙetare ta, amma a kwance a cikin ƙasan jirgin alhazai, zazzaɓi na cinsa, ya ce abin da ya gani bai wuce ƙafafun mutane ba. Ya tsaya a bakin ruwan ya daɗe. Ya tsinci wani ɗan kara ya jefa, yana so ya ga inda ruwan ya nufa. Karan ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya dawo ƙafarsa. Na ga ya ɗan ɗaure fuska.

Mahaucin tun daga nesa ya hango wani jirgi mai fentin kore da inji, ransa ya biya. Kawu bai ko taɓa shi ba. Ya ce in injin ya mutu a tsakiyar ruwa wa zai tashe shi, ko da wuƙa za a yi masa fiɗa? Shi idonsa na kan wani dogon kwalekwale siriri wanda aka sassaƙa daga gungume ɗaya, irin waɗanda ake kawowa daga Indiya, mutanen wurin suna ce masa huri. Ya shafa shi tun daga kai har gindi, ya ƙwanƙwasa, ya sunkuya ya shinshina cikinsa. Ya ce wannan ɗan'uwan na gida ne. Ya sa na roƙa masa aron doguwar gora, ya naɗe wando ya shiga shi kaɗai.

A wannan gaɓar akwai jerin duwatsun murjani can gaba kaɗan da suka tare raƙuman ruwa, don haka tsakaninsu da tudu ruwan kwance yake, bai wuce ƙirji ba. A nan kawu ya tsaya a gindin kwalekwalen yana dogara gora, ni kuwa na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da na sani kullum a durƙushe kan garwa, bayansa ya ranƙwafa, sai ga shi a miƙe sambal, yana tura jirgin ba ko ƙara, yana juya shi da ɗan motsin ƙugu. Masuntan da ke gyaran taru suka ɗago suna kallo. Mahaucin ma ya bar tsokana ya zuba ido.

Daga nan ya nufi wata kafa da ke tsakanin duwatsun ya fita. A gulbin da ya sani, ƙasa takan yi zurfi a hankali, gora takan gaya wa mutum. A nan kuwa bayan duwatsun ƙasa yankewa take kamar bakin rijiya. Ya kafa gorar da dukan nauyinsa, ba ta sami komai ba, ya bi ta ya faɗa ruwa da ka. Ya fito ya hau da kansa, wannan kam ba a taimake shi ba. Amma babu gora, kwalekwalen kuma ya shiga hawa da sauka, kafin wani masunci ya isa gare shi jiri ya kwashe shi, ya rungume gefen jirgin yana amai.

Mahaucin ya yi dariya har ya zauna a yashi. Da aka jawo kawu tudu, rigarsa na ɗiga, na zaci zai ce tsufa ne, ko gorar ce gajera. Ya kuskure baki ya zo ya tsaya gaban mahaucin.

"Yi dariyarka, Sarkin Fawa, kana da gaskiya," in ji shi. "Gulbi na sani. Wanga ba gulbi ba ne. Kada ka sayi komai yau, ban iya zaɓa maka ba tukuna."

Kafin mu huce gajiya labarin ya gama unguwa. Mahaucin ya iya ba da labari, yana tashi tsaye ya kwaikwayi kafa gorar da sandar wani tsoho. Mutane suka riƙa zuwa rumfar kawu su sayi ɗan mazurari don kawai su kalle shi. Abin da ya fi ciwo shi ne waɗanda ba su yi dariya ba, dattawan da a da in ya ɗauko zancen gulbi sukan matso, yanzu sai su sunkuyar da kai su canza magana, kamar an kama ɗan'uwansu da ƙarya suna rufa masa asiri. Mahaifiyata ta roƙe shi ya bar zancen ya mutu. Ta ce masa, Yaya, kowa ya san shekaru sun ja, wa zai zarge ka? Ya ce mata in ya bari a haka, to a garin nan shi maƙaryaci ne har ya shiga kabari, ubansa da kakansa ma sun zama ƙarya tare da shi.

Sai ya fara rufe rumfa ranar Laraba ya bi motar masu kawo kifi. Ya nemi masuncin nan da ya jawo shi, wani mutumin Tihama, wato yankin gaɓar tekun nan, siriri mai ƙarancin magana wanda kawu ya kusan haifa, ya roƙe shi ya ɗauke shi yaron jirgi. Ni na fassara roƙon, kuma na tuna yadda na rasa kalmar da zan sa don kada abin ya fito da ƙasƙanci. Masuncin ya ji kunya, ya ce ya ammi, wato baffa, ai kai babba ne. Kawu ya ce a faɗa masa a wannan ruwan shi jariri ne. Haka ya riƙa zama a gaban jirgi da gwangwani yana kwarfe ruwa, yana amai yana ƙara kwarfewa, har cikinsa ya saba.

Na bi shi wasu lokuta in karatu ya ba ni dama. Ban taɓa ganin ɗalibi irinsa ba, ni da na rayu cikin ɗalibai. Ba ya tambaya sau biyu, ba ya kuma cewa a wurinmu ba haka ake yi ba. Ya koyi cewa launin ruwa ke faɗin zurfi, fari-fari kan yashi, kore kan dutse, shuɗi mai duhu inda ba ƙasa. Ya koyi iskar da ke tasowa bayan azahar, da yadda ake ɗaure ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi a sassauta shi. In tsuntsaye sun taru suna faɗawa ruwa sai ya dubi masuncin, shi kuma ya gyaɗa kai. Da tafiya ta yi tafiya suka daina bukatata, suna magana da hannu da 'yan kalmomi, ni ina gefe ina riƙe da littafin da ban taɓa samun karantawa a cikin jirgi ba.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Akwai wani kifi da suke kira dirak, dogo kamar mashi, da zane-zane masu duhu a gefensa da haƙora kamar zarto. Masuncin ba ya sa masa tana ko ɗan kifi. Farin tsumma yake yagewa ya ɗaura a ƙugiya, ya saki igiya a bayan jirgi yana tafiya, kifin ya ɗauka ƙaramin kifi ne ya kawo cafka. Ran da kawu ya fara gani, igiyar ya yi ta kallo har muka dawo tudu. A mota ya ce mini abin na damunsa. Ya ce wanda ya sa tana ya ba kifi wani abu kafin ya karɓi ransa, amma wannan an yaudari halittar Allah da abin da ba abinci ba, ta mutu da yunwarta. Ya ce tunda ni ke karatu, in duba masa ko ya halatta.

Na duba. Na bi babin farauta da na yanka a duk littafin da hannuna ya kai, na sami bayani kan taru da mashi da kifin da ya mutu da kansa, ban sami tsumma ba. Sai ya rage in tambayi malaminmu, wannan kuwa ya ɗauke ni makonni. Kullum in na shirya, sai in ga ɗalibai sun kewaye shi da tambayoyin gado da saki, in ji tawa ta yi mini ƙanƙanta a baki. Daga ƙarshe na bi shi har wajen ƙofa yana neman takalminsa na faɗa masa a gurguje. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce abin teku halal ne, dabarar kama shi kuma ba laifi, amma in gaya wa mai tambayar Allah ya ƙara masa tsoron Allah, in kuma an kama kada a manta da malamai.

Kawu ya saurara da kyau. Ya ce ya gode, shi ma ya yi nasa tunanin. Kifin da ya cafki tsumma ai zuwa ya yi ya cinye wanda bai kai shi ba, don haka ba a zalunce shi ba, an riga shi ne kawai.

Da ransa ya kwanta sai maƙerin da ke cikinsa ya tashi. Masuncin ya gaya masa in zafi ya tsananta dirak yakan bar saman ruwa ya sauka ƙasa inda ke da sanyi, tsumma kuwa ba ya nutsewa, don haka watannin zafi ba a cika samunsa ba. Kawu ya koma rumfa ya yanko garwa ta wurin da ba tsatsa, ya fitar da ita kamar ganyen mangwaro, ya ɗan lanƙwasa, ya zuba mata dalma a ciki ta yi nauyi, ya liƙe ƙugiya a wutsiya, ya sa waya a kai saboda haƙoran. Ya goge ta da toka har tana ɗaukar ido. Ya yi da yawa, kowace da irin lanƙwasarta.

Sai matsalar inda za a gwada. A Makka ruwa a garwa ake saye, ba wanda ke da wurin da za a ja igiya. Wata Juma'a da sassafe ya ce in zo mu je Muzdalifa. Ban taɓa zuwa wurin ba a lokacin da ba na Hajji ba. Fili ne kawai da duwatsu, babu kowa sai wani makiyayi can nesa da awakinsa, sai kuma wani kwamin dutse mai tsawo da raƙuman alhazai ke sha, da sauran ruwa kore a ciki. Kawu ya ba ni igiya ya ce in yi tafiya a gefen kwamin ina ja, shi kuma ya kwanta rub da ciki a bakinsa yana kallon yadda garwar ke tafiya a cikin ruwa. Wata ta riƙa juyawa kamar mazari, ya ce wannan ba kifin da zai yarda da ita. Wata ta tafi miƙe kamar ƙusa. Yana fiddowa ya ɗan matsa da yatsa, ko ya buga da ɗan guduma a kan dutse, ya ce in sake. In na yi sauri ya ce Malam, ba a kira salla ba, yi a hankali. Har rana ta take muna haka, makiyayin ya zo ya tsaya yana kallonmu, bai tambaya ba, mu ma ba mu yi masa bayani ba. A ƙarshe aka sami wadda ke karkaɗa gefe da gefe tana ɗan tuntuɓe, kamar kifin da ya ji rauni. Kawu ya tashi zaune, ƙirjinsa duk gansakuka, ya ce wannan ko shi ne dirak zai ci.

Bayan haka ne ya aika wa mahaucin cewa ya shirya. Wannan karon bai shafa jirgi ba, bai shinshina ba. Ya jira har iskar bayan azahar ta taso, sannan ya sa aka fita da mu bayan duwatsu a cikin kowane jirgin da ake sayarwa, ɗaya bayan ɗaya. A kowanne sai ya ce wa mahaucin ya tashi tsaye ya koma gefe guda. A cikin huri mahaucin bai gama miƙewa ba ya koma ya zauna yana salati. Wanda kawu ya tsayar a kai wani gajeren jirgin katako ne mai faɗin ciki, baƙi, ba fenti, yana warin man kifin da ake shafa masa, da ƙashin baya mai kauri a ƙarƙashinsa. Mahaucin ya ce wannan ai akushi ne, in abokansa na Jidda suka gan shi a ciki me zai ce musu?

"Da ni zan shiga ni kaɗai, hurin nan zan ɗauka, har gobe raina na gare shi," in ji kawu. "Amma kai shaƙatawa za ka zo yi. Za ka kawo abokanka, a ce su zauna su tashi, a ce su tsaya nan su ruga can. Jirgin da zai yafe muku shi nika zaɓa. Kuma ga ƙibarka."

Mahaucin ya yi ta gunaguni, amma ya saya, ya bar shi a hannun masuncin yana kula da shi.

Fitarmu ta farko kamun kifi a cikinsa tsakiyar zafi ce, mu huɗu. Tun da safe iska kaɗan ce, jirgin na tafiya a hankali a gefen inda ruwan ya koma shuɗi. Masuncin ya saki tsummansa, mahaucin ma aka ba shi nasa, kawu ya saki garwarsa, ya yi ta sakin igiya har na ga abin da ya rage a kan katakon naɗin ya kusa ƙarewa. Hantsi ya yi, ya wuce. Ba abin da ya taɓa kowa. Mahaucin ya ɗaure igiyarsa a babban yatsan ƙafa ya lulluɓe kai da mayafi, yana cewa daga ƙarƙashi da ya sani da ya taho da tsire, don ga alama a gidan Sarkin Ruwa da yunwa ake kwana. Ya ce ko kifayen sun ji labarin gorar ne suke ɓuya don kunya. Kawu kuwa hankalinsa na kan ruwa. Igiyar na kan yatsansa manuni, lokaci-lokaci yana ɗan fizga ya saki, idonsa a lumshe.

Ina kallon hannunsa lokacin da abin ya zo. Igiyar ta miƙe ta yi ƙara, hannun ya tafi baya kamar an fizge shi. Bai riƙe ba. Ya bar ta tana gudu ta cikin tafinsa da ya naɗe da gefen rawani, yana matsewa kaɗan-kaɗan, har gudun ya ragu. Sannan ya juya ya ɗora igiyar a kafaɗa ya dafe ƙafa a katakon jirgi ya fara ja da bayansa. Masuncin ya yunƙura zai taimaka, sai ya tsaya ya koma ya sassauta ƙyalle kawai. Daga baya ya ce mini su ba haka suke ja ba, amma ya ga mutumin ya san abin da yake yi.

An daɗe. Kifin ya zo kusa ya sake nutsewa, kawu ya ba shi, ya sake karɓa. Mahaucin ya manta da duk abin da aka gaya masa, ya tashi tsaye ya ruga gefen da igiyar take, jirgin ya karkata ya dawo ya zauna daram. Can sai na ji kawu na magana ƙasa-ƙasa. Da kifin yake. Wata irin Hausa ce ta Kabi mai nauyi da ban taɓa ji a bakinsa ba, yana kiransa babban baƙo, yana lallashinsa, yana gaya masa sunan garinsu da na gulbinsu kamar mai gabatar da kansa a ƙofar gidan mutane. Ban fahimci rabinta ba. Na lura mahaucin, wanda ya girma a gida ya san irin wannan magana, ya bar ihun da yake yi ya saurara.

Da ya taso sai muka ga walƙiyarsa tun yana can ƙasa, sannan zane-zanen gefensa. Masuncin ya sa ƙugiya mai mariƙi ya ɗago shi, shi da kawu suka jefa shi cikin jirgi. Tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙirjina, wannan na gwada da kaina da muka sauka. Garwar na maƙale a gefen bakinsa, haƙora sun kakkarce ta. Kawu ya zauna yana haki, tafinsa na jini ta cikin rawanin, ya ce alhamdu lillahi.

A tudu masunta suka taru, garwar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Aka shimfiɗa kifin a kan wani katako. Mahaucin, wanda tunda ya tashi ba a taɓa kwantar da dabba a gabansa wani ya rigaye shi ba, ya naɗe hannun riga ya zaro wuƙarsa ya durƙusa. Ya duba wuyan, ya duba cikin, ya juya wuƙar yana neman inda zai fara. Kawu na tsaye yana kallonsa. Sai mahaucin ya miƙe, ya juya wuƙar ya riƙe ta ta wajen kaifi, ya miƙa wa kawu ƙotar.

"Karɓi, Sarkin Ruwa," in ji shi. "Naka ne. Ni ban san gabansa ba."

Sunan da ya saba kiransa da shi ne, amma ban taɓa jin ya faɗe shi da wannan murya ba.

Kawu ya tsaga kifin ta baya, ya buɗe shi kamar littafi, ya haƙa rami a yashi ya sa aka tsinto busassun itatuwan gaɓa, ya yi masa banda irin ta gida don ya kai Makka bai lalace ba. Aka raba a unguwa, malamina ma na kai masa nasa a cikin ganye, na ajiye na fito kafin ya yi magana.

Mahaucin bai daina ba da labarin gorar ba, har ya tsufa yana tashi ya kwaikwaya. Sai dai daga ranar in ya kai inda kawu ya faɗa ruwa aka yi dariya, yakan ɗaga hannu ya ce a tsaya, da saura. In kuwa kawu ya ɗauko zancen gulbi da giwan ruwan da mutum biyu suka ɗauka, dattawa sukan gyara zama su matso, wani lokaci ma su tambaye shi yadda aka yi.